Sharaɗin Baba

"Yanzu kuma me ya ce?"

Mami ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da gugar rigar da ke gabanta, tururi na dukan fuskarta. Dogo, saurayinta, ya jingina da kantar shagon wanki da gugar da take aiki, hannunsa duk baƙin mai, don daga garejinsa ya taho.

"Baba ya ce mu ƙara jira... wai jininsa ya hau."

"Bara ciwon ƙirji, bana hawan jini! Mami, ni fa na fara furfura a ƙofar gidanku!"

Ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga ta.

Mahaifinta yana gidan yari tun ranar da ya hankaɗo mahaifiyarta daga saman bene, ta karye a ƙugu, har yau da sanda take tafiya. Mami kaɗai ce ta gani, ita ce kuma ta faɗa wa alƙali gaskiya. Tun daga nan take jin kamar ita ta murza makullin da hannunta. Ƙannenta sun daina zuwa wurinsa, ita ko ba ta taɓa fashin ziyara ba. Duk lokacin da aka sa ranar aurenta, sai wani ciwo ya taso masa.

Dogo ya sassauta murya. "Sanyin idona, ba zan ce ki yar da mahaifinki ba, Allah ya kiyaye. Ki dai tambaye shi sai yaushe. Ni zan kai ki."

Ranar ziyara, ya tsaya a mota, ta shiga ita kaɗai. Dogon tebur, kujerun roba, fanka na ta ƙara a sama. Aka fito da Baba yana tafe a duƙe, dafe da ƙirji.

"Uwata! Uwata ta kaina! Duk sun watsar da ni, sai ke..."

Zuciyarta ta karye kamar kullum. Ta daure ta ce, "Baba, maganar aurena ce. Sai yaushe?"

Ya waiga ya kalli gandiroba, sannan ya matso.

"Ai abu ne mai sauƙi. Lauya ya ce in kika koma kotu kika ce ba ki gani sosai ba, santsi ne ya ɗebi uwarki, za su sake ni. Sai in fito in aurar da ke da kaina."

"Baba... ai na gani."

"Ruɗewa kika yi."

"Na gani, Baba. Ina riƙe da hannunta har asibiti."

Sai hannunsa ya sauka daga ƙirji. Ya miƙe zaune sarai, muryarsa ta dawo irin wadda Mami da ƙannenta suke gudu su ɓuya a bayan ƙofa in sun ji ta.

"Ke kika jefa ni nan! 'Yar da ta ɗaure ubanta, wane miji ne zai amince mata? Shi ma makanikin nan, ran da ya gane ko ke wace ce, guduwa zai yi!"

Mami ba ta sunkuyar da kai ba.

"Zan ci gaba da zuwa, Baba. Zan kawo maka magani da sabulu, in yi maka addu'a. Amma ba zan mai da Mama maƙaryaciya ba. Aurena kuma ɗan'uwanka Baffa zai tsaya, ba za a sake ɗagawa ba."

"To ban yafe miki ba! Kin ji ko? Ban yafe ba!"

Har bakin ƙofa kalmar ke bin ta. Tana shiga mota ta fashe da kuka.

"Ya ce... ya ce wata rana za ka gudu ka bar ni."

Dogo ya daki sitiyari a hankali. "Da wannan motar? Wadda sai an tura take tashi?"

Ta yi dariya cikin kuka.

"Mami, na san abin da kika faɗa a kotu tun kafin in ce ina son ki. Shi ya sa ma na ce."

A gida, Mama ta saurari komai ba ta katse ta ba. Ta jingine sandarta, ta jawo kan Mami ta ɗora a cinyarta.

"Ba ki yi laifin da za a yafe miki ba, 'yata. Ranar nan raina kika ceta. Ki yi aurenki, Allah ya yi miki albarka."

Baffa ya tsaya, aka ɗaura aure. Baba bai aiko da ko kalma ɗaya ba. Ranar ziyara ta gaba Mami ta je da ledar magani, ya ce ba zai fito ba. Ta miƙa wa gandiroba ledar, ta share idonta, ta koma wurin mijinta da ke jiran ta a waje.