Ƙarar Yatsan Mulbah

Duk ɗan Laberiya da ke Minnesota ya san Mulbah Tokpah, kuma ba da alheri ba. Shekara tara yana yi wa tsofaffin Turawa wanka a gidan kula da su, kullum cikin cika baki cewa sai ya zauna a majalisar jiha. Sau biyu ya tsaya takara, sau biyu ya sha ƙasa. A karo na uku ya gangara ɗakin ƙarƙashin wani shagon busasshen kifi, wurin boka Yarkpawolo.

Ɗakin ba taga, sai warin manja da tsohon jini. A kan faranti ga busasshen hannun biri, an shafe shi da farar ƙasa, yatsunsa a tanƙware.

"Kujera nake so, Tsoho, da dukiya. Na gaji da kwasar kashin mutane."

Boka ya tsaga masa yatsan tsakiya, ya cusa wani baƙin gari. "Duk hannun da ka kama, ƙuri'arsa da aljihunsa naka ne."

"Me zan bayar?"

"Ni ba na son komai, ga mai ci nan." Ya nuna hannun birin. "Wanda yatsansa ya yi ƙara da naka, nasa ne."

To mu 'yan Laberiya idan mun gaisa, sai mun ja yatsun juna sun yi ƙas kafin mu saki. Mulbah ya kwashe da dariya.

"Turawa ne masu zaɓe, kuma ba su iya gaisuwarmu ba. Abin naka yunwa za ta kashe shi."

"Kai ne mai wayo," in ji boka.

Ya ci zaɓe. Kafin shekara ta zagayo ya buɗe gidajen tsofaffi nasa har huɗu. Amma tun ranar rantsuwa yayansa Sumo ya tare shi yana ihu, "Ƙanina ya zama Honarabul! Kawo hannu, ɗan banza!" Hannu ya yi abin da ya saba kafin kai ya tuna. Bayan kwana uku aka tsinci gawar Sumo a motarsa, yatsunsa a tanƙware.

Korto, matar Mulbah, ta kama hannun mijinta wurin ta'aziyya, yatsu suka yi ƙas. Ita ba ta mutu ba. Tana asibitin masu taɓin hankali, tana ƙyasta yatsu har sun yi jini.

Maimakon Mulbah ya saduda, sai ya sa safar hannu ya guji mutanensa, ya riƙe kujerarsa. Muka ce ya zama Bature, kuma muka tsane shi da gaske. Hannu ɗaya ya rage da yake riƙewa ba tsoro, na 'yarsa Yassah, haifaffiyar nan Minnesota, wadda ba ta san gaisuwar gida ba.

Sai mahaifiyarsa Ma Gorpu ta zo daga Laberiya riƙon yarinyar. "Jikata ce ke gaisuwa kamar mataccen kifi? Zo nan in koya miki."

Da yamma ya dawo daga majalisa, ya cire safar a bakin ƙofa. Yassah ta rugo.

"Baba, kawo hannu in nuna maka abin da Kaka ta koya mini!"

Ƙas.

Ya koma shagon a guje, bai tarar da komai a ɗakin bokan ba sai kwalayen kifi. Ranar da aka binne Yassah ya datse yatsan da wuƙar kicin. Kujerar ta tafi, gidajen suka bi ta. Yana nan a tashar bas yana miƙa wa masu wucewa hannu mai dungulmin yatsa, ba mai karɓa.

Kai mai kwaɗayin kujera, kar ka ga kana da wayo. Abin da ka ɗauko daga ɗakin boka ba ya cin baƙo, naka yake ci.