Babin Da Na Tsallake

"Shauki, da gaske ka tsallake babin?"

Ko sallama ba ta yi ba. Ina zaune a shagon mai ruwan rake da ke bayan makaranta, inda muka saba haɗuwa duk Alhamis, sai ga Rabab da farar rigarta ta asibiti. Ta dangwarar da littafin kimiyya a gabana har kofina ya yi tsalle.

"Haba hasken idona, zauna mana ki sha..."

"Ba na sha! Amsa nake so."

"To, na tsallake. Wanda ya koyar da ni ma tsallakewa ya yi. Mu ce wa yara su karanta a gida, shi ke nan. Duk jiharmu ta Fayum haka ake yi."

"A gida wa zai karanta musu? Uwar da ita ma ba a gaya mata ba?"

Babin balaga da haihuwa take nufi, shafi goma sha ɗaya kacal. Shekarata huɗu ina koyar da kimiyya, amma wallahi duk sanda na iso wurin sai gumi ya keto mini. Ita kuwa Rabab ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin garinmu, kuma wata biyar ya rage a yi bikinmu.

Ta zauna, ta sassauta murya.

"Makon jiya aka kawo mana yarinya 'yar shekara goma sha biyu a sume. Al'ada ta fara gani, ta ɗauka cutar masu zunubi ce. Kwana uku ba ta ci abinci ba, tana ta istigfari a ɓoye. Wata kuma... wani babba ne yake taɓa ta shekara guda, ba ta ma san tana da ikon ta ce a'a ba."

"'Yan makarantarmu?"

"Suna dai ba za ka ji a bakina ba. Amma a gabanka suke zama kullum."

Ita da wasu 'yan mata takwas sun bi gida-gida, sun tara sa hannun iyaye mata ɗari biyu da arba'in. Roƙonsu ɗaya ne, a koyar da babin, mata daban maza daban, a ƙara da yadda yaro zai kare jikinsa da wanda zai kai wa kuka.

"Ranar Asabar za a yi taron iyaye," in ji ta. "Kai kaɗai ne malamin kimiyya. Ka tashi ka ce ka ɗauki maza, ni na ɗauki mata."

"Kin san wane ne shugaban makarantar..."

"Na sani. Kawunka."

Kawu Abdussabur shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Shi ya kai ni jami'a, shi ya shige gaba wajen nema mini aurenta. Amma da ta ɗago idanun nan nata, sai bakina ya riga ni.

"Na yi alkawari, masoyiyata. Zan tashi."

Alkawari kaya ne, a ranar ban san nauyinsa ba.

Ranar Juma'a muna cin shinkafa da molokiya, wato miyar lalo, a gidan Kawu, ya ajiye cokali.

"Na ji yarinyarka tana yawo da takarda kamar mai neman ƙuri'a. Shekara talatin ina riƙe da makarantar nan, ba a taɓa maganar batsa a ajina ba."

"Kawu, ai yana cikin littafin..."

"Littafin ne ya rene ka?"

Mama ta kama hannuna a ƙarƙashin tebur. "Ɗana, in ka kunyata yayana a gaban jama'a, da wane ido zan dube shi?"



Ranar taro ɗakin ya cika maƙil. Rabab ta tashi ta yi bayani tiryan-tiryan, ba kame-kame. Matan da ke baya suna ta gyaɗa kai, na ji kamar in ce ku gan ta nan, tawa ce! Sai Alhaji Mutawalli mai hatsi ya miƙe yana jan carbi.

"Ni tambaya ɗaya gare ni. Budurwar da ba ta taɓa aure ba, a ina ta san waɗannan abubuwa har za ta koyar?"

Wasu suka kwashe da dariya. Daga nan ɗakin ya yi tsit, kowa ya juyo gare ni. Duk garin an san ni zan aure ta. Ita ma ta dube ni. Ta jira...

Ni kuwa na zuba wa takalmina ido. Ni Shauki, ƙaton banza!

Da ta ga haka, sai ta amsa da kanta. "A makarantar jinya na sani, Alhaji, inda na koyi allurar da nake yi wa mahaifiyarka duk safiya."

Kawu ya yi gyaran murya. "Ustaz Shauki, kai ne mai darasin. Akwai buƙata?"

"Yara... za su iya karantawa a gida."

Kashegari yayanta ya kawo mana shabka, gwal ɗin baikon da na sa mata da hannuna, a cikin akwatinsa. Na ruga gidansu ko riga ban canja ba. A kan bene na same ta tana shanya.

"Rabab, ki yi wa Allah! Kawuna ne, uwata ce, ya kike so na yi?"

"Ba babin ne ya raba mu ba, Shauki. Kan babin da zan jira ka ko shekara goma ce."

"To mene ne?"

"An tambayi mutuncina a gabanka, ka yi shiru. Shiru ma magana ce. Garin nan kaf sun ji abin da ka ce."

"Ina son ki, wallahi ina son ki!"

"Na sani." Hawaye ya zubo mata. "Shi ya sa ya fi ciwo."

Na yi ta aike, ba amsa. Na rame har Mama ta fara kuka tana cewa ita ta jawo. Ba ita ba ce, ni ne.

Rabab ba ta tsaya ba. Ta kai takardarta har ofishin ilimi na jiha, ta koma sau bakwai, sai da aka yarda a gwada a makarantu uku. Bayan shekara ɗaya da rabi aka kira malamai horo kan babin a birni. Na sa sunana, na gaya wa Kawu ido da ido. Sati biyu ba ya amsa gaisuwata, kuma sama ba ta faɗo ba. Abin da nake tsoro ke nan fa, har na yi asarar mace irin Rabab!

Na tafi da akwatin shabka a aljihu. Ita ce mai horarwar, ta ƙara kyau, muryarta ta cika ɗakin. Ina gaba-gaba ina rubutu kamar ɗan aji ɗaya. Da aka tashi na jira kowa ya fita.

"Rabab..."

"Ustaz Shauki. Na ji daɗi da ka zo, wallahi."

"Na makara, na sani. Amma ranar Lahadi da an koma aji zan fara da maza. Na ce ko za ki..."

Hannuna na cikin aljihu ta ɗaga nata tana gyara mayafi. Zobe ne, kuma a hagu. A wurinmu na baiko a dama yake, ba ya komawa hagu sai an ɗaura aure.

Ta ga inda nake kallo.

"Wata uku ke nan," ta ce a hankali. "Mai harhaɗa magani ne. Shi yake riƙe mini jaka in zan yi magana a taro."

"Allah ya sanya alheri."

"Amin. Ka koyar da su da kyau, ka ji? Kada muryarka ta yi rawa, yara suna ganewa."

Na ce to. Har na fito titi ban iya zaro hannuna daga aljihun ba, hawaye na bin fuskata, mai tuktuk, keken haya mai ƙafa uku, yana ta danna mini oda yana cewa in ba shi hanya.