Reshen Da Ya Faɗo Kan Mukaddes

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda cewa reshe ya faɗo wa wata tsohuwa a ƙofar gidan Hulusi mai shayi. Kafin Insifekta Ferhunde ta iso, an rufe gawar da mayafi, unguwa kuma ta gama yanke hukunci.

"Ku kama shi!" in ji wani ƙato mai jajayen idanu, yana nuna Hulusi. "Ƙwari sun cinye bishiyarsa, ya ƙi sarewa, ga shi ta kashe mini uwa!"

Wannan shi ne Zekai, maƙwabcin Hulusi, ɗan marigayiya Mukaddes.

Ferhunde ta ɗaga kai ta dubi bishiyar, irin wadda ake kira karagac. Bishiya ce tsohuwa, ganyenta shar. A garin nan ƙwarin ɓawo sun kashe karagac ba adadi, har na gidan ubanta, ta kuma san kamannin mai cutar: ganye ya yi rawaya, ya nannaɗe. Wannan lafiyarta ƙalau. Nan take ranta ya soma ɓaci, ita kuwa dama ba a san ta da haƙuri ba.

"Baba Hulusi, yaushe rabonka da hawa bishiyar nan?"

"Ni da gwiwar nan? Ranki ya daɗe, matakala ma da addu'a nake hawa."

Ta durƙusa gindin reshen. Inda ya karye, rabi a yage yake, rabi kuwa sumul, an shafe shi da laka. Ta kankare lakar da wuƙa, sai ga sawun zarto. A cikin tsagar an cusa guntayen ɓawo busassu, masu zanen hanyoyin ƙwari. Ta ɓare ɓawon reshen kansa, fari tas, ko rami ɗaya babu.

Wani ne ya yi wa bishiyar sharri. Abin ya ƙona mata rai matuƙa.

Ta leƙa ta kan katanga. A farfajiyar Zekai kututture ne jere, ga tarin itace a gefe.

"Zekai, ina bishiyoyinka?"

"Hukuma ta sare bara. Wai cuta."

"Wa ya kai ƙara?"

Ya yi tsaki. "Tambayi munafukin tsohon can."

"Kana da zarto?"

"Na ba da aro."

"Wa ka ara wa?"

"Na manta."

"Kai, malam, kalle ni da kyau. Na yi maka kama da wadda aka haifa jiya?"

Ta shiga gidan, ta zaro itace ɗaya daga tarin. An ɓare masa ɓawo kwanan nan. Ta ɗora guntun da ta ciro daga reshen, ya zauna daram. Zarton kuwa yana bayan tarin, da ɗanyar dusa a haƙoransa.

Zekai ya daka tsawa. "Ƙarya ne! Uwata fa! Ni da na hana ta taka ƙofar gidan Hulusi tun bara, zan kashe ta a can?"

Matar Hulusi, Nezihe, ta taso daga gefen taga tana share hawaye.

"Ka hana ta, amma ba ta hanu ba. Kullum kana fita kasuwa, ƙofar gidanmu take zuwa mu jera barkono a zare a inuwar bishiyar. Ƙawata ce tun muna 'yan mata. Cewa take faɗanku na banza ba zai raba mu ba."

Zekai ya zube kan kututture.

"Bishiyar nake so a sare," ya ce. "Yadda aka sare nawa. Na ɗauka reshen zai faɗi ƙasa kawai, hukuma ta zo ta ga ƙwari. Wallahi ban san tana zama wurin ba."

"Da wani ne a wurin fa?" in ji Ferhunde, cikin fushi. "Da jikan Hulusi ne? Shi ba ɗan mutum ba ne?"

Ta sa masa ankwa da hannunta.

Sai la'asar aka gama ɗaukar bayaninsa a ofis. Ana fita da shi zuwa mota ya tsaya, ya juyo.

"Ranki ya daɗe, don Allah, ki bar ni in yi wa uwata salla."

Ferhunde ta dube shi, ba ta ji tausayinsa ba ko kaɗan.

"An kai ta tun azahar," ta ce. "Hulusi ne ya ɗauki gaban makara, da gwiwar tasa."