Sukari a Ɓawon Gyaɗa

A wani gari can da, ana gobe Sallah, wata yarinya ta tarar da ƙawarta tana cusa sukari cikin ɓawon gyaɗa, don ya daskare a raba wa yara. Kowa ya wuce sai ya yaba. Abin ya tsaya wa yarinyar a rai. Ba ta san sukarin ya ƙi kamawa ba.

Da ƙawar ta shiga ɗaki, sai yarinyar ta yayyafa masa ruwa, ta ce, "Narke, mu ga abin da za a yaba!"

Rana ta busar da shi, ya kama tamau. Da safe ga ƙawar da faifai cike, tana murna.

"Ƙawata, ashe ruwa yake so! Wani mai albarka ya yayyafa mini. Ɗauki babban."

Yarinyar ta ɗauka ta sa a baki, amma ta kasa haɗiyewa.