Ƙofar da Na Kafa a Baibai

Dab da magariba na gama kafa ƙofar, ni kaɗai a shagon da na kama a ƙarshen layi. Tun da na gama jami'a nake da wannan buri: in riƙa sayen ƙofofi da tagogin tsofaffin gidajen da ake rushewa, in goge su, in sayar wa masu gini. Ban san kowa a garin ba. A shagon nake aiki, a nan nake kwana cikin ƙurar katako.

Wannan ƙofar kam na ce ba ta sayarwa ba ce. Baƙin katako ce mai nauyi. Da zan ɗauko ta, mai rusau ya yi min tsiya: "Ɗan boko, tsohuwar gidan ta mutu tana jiran autanta, kai kuma ka zo gadon ƙofa!" Muka yi dariya.

Fuskarta ta ciki ta fi kyau, hannu ya goge ta har tana sheƙi. Sai dabara ta faɗo min: na kafa ta a baibai, cikin ya kalli titi don masu wucewa su gani. Sakatar ma ta koma waje. Na ce gobe na gyara.

Na shiga, na tura ƙofa, na zauna in huta.

Layin ya yi tsit. Sai warin hayaƙin itace. Sai jan takalmi, a hankali, a hankali.

Ƙarfe ya yi ƙara. An zura sakata.

"Wa ke nan a waje?" Muryar tsohuwa ce, ƙasa-ƙasa.

Ni ina cikin shagona. A wurinta kuwa, ni ne a waje.

Na leƙa ta tsagin katako. Babu titi. Tsakar gida ce, da fitilar ƙwai, da tabarma, da kwano a rufe.

"Auta, kai ne? Ka ci abinci kuwa?"

Na manta rabon da wani ya yi min wannan tambayar. Hawaye ya zubo min. Bakina ya buɗe da kansa.

"Ka ce kai ne kawai, in buɗe maka."

Sakata ta fara ja da baya.

"Ba shi ba ne, Iya," na ce da kyar. "Baƙo ne."

Sai ta ja dogon numfashi.

"To. Allah ya kai ka gida, ɗan nan."

Sakata ta koma. Ta tagar baya na fice, gilashi ya tsaga min hannu.

Da safe maƙwabcina mai walda ya zare min sakatar. "Malam, ka juya ta daidai mana, kada yara su sake kulle ka."

Ban juya ba. In na juya, ni da tsohuwar mun zama cikin gida ɗaya. Cire ƙofar kuma zuciyata ta ƙi.

Yanzu rana na sunkuyawa nake barin shagon, in tsallaka titi in zauna har duhu ya rufa. Ba ita nake tsoro ba. Tsoro nake wata rana in ce mata ni ne.