Kujera ta Bakwai a Lilon Gidan Sallah

Ku matso kusa. Ke Hansatu, bar taunar gyaɗar nan, wannan ba na dariya ba ne.

Kun san Sagir na Inna Tasalla da kwamfuta, ko abinci mantawa yake yi. To akwai wani wasa da ake gina filin shaƙatawa a ciki, 'yan mutanen kwamfuta su riƙa shigowa suna hawan kaya. Sai ya ce shi Gidan Sallah zai gina, tsohon filin nan na bayan gari da aka rufe shekara talatin. A can kullum sallah ce: ragon siminti a ƙofa, dawakan katako, masu lalle, da ƙaton lilo mai juyawa sama. Don 'yarsa Lubabatu yake yi, 'yar shekara biyar, ita kaɗai Allah ya ba shi.

Hotuna ba su ishe shi ba. Ya tafi kangon shi kaɗai, rana tsaka, lokacin da ko akuya tana inuwa. Ya ƙirga kujerun lilon. Goma sha biyu. Ta bakwai an ɗaure ta da sarƙa.

"Aunawa ake yi?"

Wani tsoho ne a gindin tsamiya, da hular masu gadi. Sai da bakinsa ya rufe sannan muryar ta iso.

"Sannu Baba. A kwamfuta zan gina irinsa."

"Gina. Amma ta bakwai tamu ce. A kan haka muka ba da filin."

Sagir ya sunkuyar da kai don ladabi. Tsohon shi yake fuskanta, amma yatsun ƙafar tsohon baya suke kallo, wajen tsamiya.

Sagir ya kwasa da gudu, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba.

Da ya kwana biyu, wai rana ce ta buge shi. Ɗan boko ke nan! Ya ce kujera da sarƙa muni take yi, ya buɗe duka sha biyun a wasan. Ya ƙera wata 'yar yarinya da atamfa ruwan ɗorawa, ya rubuta mata suna Lubabatu.

Ranar jajiberin sallah, bayan la'asar, ya kira kowa a zo a gani. 'Yar cikin wasan ta wuce dawaki, ta wuce masu lalle, ta miƙe sai kujera ta bakwai. Lilo ya tashi.

"Baba," in ji Lubabatu daga kan tabarma, "ga rufin gidanmu can ƙasa."

Idonta a buɗe, ba ya ƙiftawa. Kanta yana juyawa a hankali. Tafin hannunta sai ƙarnin tsatsa.

Sagir ya danna tsayawa. Lilo bai tsaya ba. Ya zare wayar wuta, ya cire batir. Hoton yana nan.

Inna Tasalla ta dafe ƙirji. "Sagir, ba dai ta bakwai ka buɗe ba?"

"Baba, gidan ya ƙanƙance. Sanyi nake ji."

Wallahi tsoro irin na ranar bai taɓa ji ba. Sai muryar tsohon nan ta fito daga kwamfutar, ƙasa-ƙasa.

"Ba a sauka sai wani ya hau."

Bai yi shawara da kowa ba. Ya goge sunanta, ya rubuta nasa.

Lubabatu ta faɗi a jikin kakarta, ta fashe da kuka, tana neman ruwa. Yau ajinta huɗu, lafiyarta ƙalau.

Shi kuwa Sagir, duk ranar sallah, daga saukowa Idi har magariba, yana zaune kan tabarmar nan, kai na juyawa, yana faɗin abin da yake hangowa. Shekarar farko rufin gida ya gani. Ta biyu, garin duka. Bara Inna Tasalla ta tambaye shi, ya ce ya daina ganin ƙasa.

Saura kwana tara sallah. Duk wanda na ji ya bi ta kangon nan shi kaɗai, ni da shi ne.