Abin da Ke Kai Hamdiyya Ba'awa

Wata safiya a tsakiyar damina, a garin Yako, Inna Hajara tana zaune a ƙofar ɗakinta tana gyaran zogale. 'Yarta Hamdiyya tana durƙushe a gefe tana shirya jakar aiki: ma'aunin zafin jiki, safar hannu, auduga, da abin sauraron ƙirji.

Hamdiyya sabuwar nas ce. Da ta gama makarantar jinya ta zaga neman aikin gwamnati har takalminta ya suɗe, ba ta dace ba. Sai wani ƙaramin asibiti a Kiru ya ɗauke ta aikin da manyan nas-nas ke gudu, wato bin yara masu doguwar jinya har gidajen iyayensu. Yau tana Ba'awa, gobe tana wani ƙauye a hanyar Bebeji, a bayan ɗan acaɓa, laka har gefen hijabi.

"Dije ta aiko," in ji Inna ba tare da ta ɗago ba. "Ta ce ki biya ta wajenta kafin ki wuce."

Hamdiyya ta rufe jakar ta miƙe. Dije ita ce mahaifiyar Uzairu, mai gyaran injin ban ruwa, wanda ke neman auren Hamdiyya, ya riga ya kawo kuɗin gaisuwa, sa rana kawai ake jira. Hamdiyya da Uzairu sun san juna ne shekarun baya, lokacin da ƙanwarsa Humaira ta kwanta da tarin fuka. Hamdiyya tana ɗaliba a lokacin, ita ce ke zuwa kullum da safe ta tsaya sai yarinyar ta haɗiye magani. Dije ta gaya wa maƙwabta wai lissafi take zuwa koya mata, har Humaira ta warke sarai ba wanda ya san gaskiyar.

Hamdiyya ta yi sallama a gidan Dije, ta cire takalmi tun daga soro, ta durƙusa nesa da tabarma. Dije ta turo mata kwanon fura, ta yi godiya ba ta taɓa ba, don ba a shan fura a gaban suruka.

"Mas'ud na gidan Malam Lawal a Ba'awa ya aiko neman Humaira," in ji Dije. "Kawunninta sun yi bincike, ba su ji komai ba sai alheri. Amma maza a waje suke tsayawa. Ke kuwa kina shiga har ɗaki. Me ke damun yaron yayansa?"

Hamdiyya ta sunkuyar da kai. "Umma, ki gafarce ni. Ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki faɗa ba?"

"Amana ce, Umma. Haka aikin yake."

"Aikin." Dije ta maimaita kalmar a hankali. "Ni ba ɗaya daga matan bakin rijiya ba ce, Hamdiyya. 'Yata zan bayar. In wani abu ne da ke bin jini fa? Jikokina ne za su ɗauka, 'ya'yan ƙanwar mijinki."

"Ki tambayi mutanen gidan, Umma. Su ne masu maganar."

"Au, yanzu ke za ki koya mini inda ake tambaya? Tashi ki tafi, kada ki makara wajen aikin naki."

Duk hanyar Ba'awa, tsakanin gonakin masara da dawa, Hamdiyya tana cizon leɓe. Abin da ya fi ci mata rai shi ne amsar ba ta da muni. Idris, ɗan yayan Mas'ud, farfaɗiya gare shi, kuma ba gado ya yi ba. Zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa yana ƙarami. Amma tun ranar farko mahaifiyarsa Zulaihat ta riƙe hannunta tana kuka, ta ce, "Nas, don Allah kada kowa ya ji. In aka ji, ba yaron da zai ƙara cin abinci kwano ɗaya da shi, kuma sai su ce a cire shi daga Islamiyya." Hamdiyya ta yi mata alkawari.

Idris ya tarye ta da gudu, ya ƙwace abin sauraron ƙirji ya ɗora a kan cikin akuya. "Anti Nas, ita ma ba ta da lafiya."

"To dokta, me za a ba ta?"

"Dusa."

Ta auna nauyinsa, ta duba ko yana shan magani a kan lokaci, ta sa aka rufe bakin rijiya da fallen kwano, aka janye murhu daga inda yake wasa. Sannan ta sa Zulaihat ta sake nuna mata abin da za ta yi in abin ya taso: ta kwantar da shi a gefe guda, ta kawar da duk abin da zai ji masa ciwo, ba cokali a baki, ba hayaƙi, ba ɗura ruwa. A da in ya faɗi, Zulaihat sai ta gudu bayan ɗaki ta toshe kunne. Yanzu tsayawa take yi ta kula da shi.

Za ta fita ke nan sai kakar yaron, mahaifiyar Mas'ud, ta yafito ta zuwa ɗakinta. Sun ɗan jima a ciki. Da Hamdiyya ta fito fuskarta a ɗaure take, tsohuwar kuma ba ta raka ta ko ƙofar ɗaki ba. Zulaihat ta ga wannan.

Bayan La'asar Uzairu ya zo gidansu Hamdiyya, hannunsa da sauran baƙin mai. Bai zauna a bencin soro ba kamar yadda ya saba.

"Hamdi, me kika yi wa Umma? Ta kira Kawu ta ce a dakata da sa rana."

"Tambayata ta yi abin da ba nawa ba."

"To ni ki gaya mini. Ni sai in san yadda zan lallaɓa ta. Kalma ɗaya kawai, mai tsanani ne ko ba mai tsanani ba?"

"In na gaya maka, na gaya mata ke nan."

"Ni ne fa, Uzairu. Wanda za ki aura."

"Na sani. Shi ya sa na zaci kai za ka fara fahimta." Ta ɗago ta dube shi. "Kai in mutum ya kawo maka inji, ba ruwansa in ka gaya wa duk kasuwa abin da ya lalace. Ni 'ya'yan mutane nake shiga ina gani a halin da ko dangi ba a bari su gani. Ranar da aka ji na kai labarin wani gida zuwa wani, wa zai sake buɗe mini labule?"

"Watau aikin ya fi ni."

"Ban ce haka ba."

"Ba sai kin ce ba." Ya tada babur ɗinsa ya tafi, ko waiwaye bai yi ba.

Makonni suka shuɗe a haka. Masara ta yi goyo, ta nuna, aka fara gasa ta a bakin titi, ba wanda ya sake tada zancen rana. Uzairu ya rage kiran waya. In ya kira, gaisuwa ce kawai da tambayar gajiya. A gidajen suna mata suka fara cewa boko ya hau wa 'yar Hajara ka, tun ba ta shiga gida ba ta fara yi wa suruka rowar magana.

Inna Hajara ma ta gaji. "Ke wai wace irin zuciya ce da ke? To je ki roƙi uwar yaron ta ba ki izini mana."

"Inna, in na roƙe ta za ta ce to, ko ba ta so. Ni ce ke duba mata ɗa, da wane baki za ta hana ni? Wannan ba izini ba ne, matsi ne."

"To zauna da gaskiyarki, ki ga ko ita za ta kawo miki lefe."

Hamdiyya ta shiga ɗaki ta kifa kai a kan jakarta ta yi kuka mai isarta. Sau da yawa ta ɗauki waya za ta kira Uzairu ta ce, ba gado ba ne, shi ke nan, a wuce wurin. Sai ta tuna Idris da akuyarsa, ta ajiye. Da safe ta wanke fuska ta hau acaɓa. A Ba'awa kuwa ba ta taɓa nuna akwai abin da ke damunta ba.

Amma magana ba ta zama wuri ɗaya. Wata mai tallan daddawa da ke zaga ƙauyukan ta kai wa Zulaihat labarin cewa auren nas ɗin nan ya tsaya, wai ta ƙi gaya wa uwar miji abin da ke kai ta wani gida a Ba'awa. Zulaihat ta wuni ba ta ci abinci ba. Da mijinta ya dawo daga gona suka yi shawara, sannan ya ce ta je.

Washegari da hantsi Dije tana shanyar kuɓewa sai ta ji sallamar baƙuwa. Wata matashiya ce riƙe da hannun yaro. Bayan gaisuwa matar ta ce, "Baba, ni ce Zulaihat, matar yayan Mas'ud. Wannan shi ne Idris, yaron da kike tambaya."

Ta faɗi komai da bakinta, zazzaɓin, faɗuwar, maganin, da abin da likita ya ce, cewa ba ya bin jini kuma ba a ɗauka ta yawu. Idris kuwa ya riga ya tsuguna yana taya Dije baza kuɓewa.

Dije ta daɗe tana kallon yaron. "To wannan ne abin da ta kasa gaya mini? Ai da ta faɗa da tuni an wuce wurin."

"Ni na roƙe ta, Baba. Kuma ba ke kaɗai ta hana ba." Zulaihat ta gyara mayafi. "Surukata ma ta sa ta a ɗaki. Ta ji an ce akwai shekarar da Humaira ta daina zuwa makaranta, kuma Nas tana zuwa nan gidan kullum da safe. Ta tambaye ta dalili, ta lallaɓa, ta yi fushi, har ta ce za ta sa asibiti su canza mana wata. Nas ta ce mata, ki tambayi mutanen gidan, su ne masu maganar. Har yau surukata ba ta amsa gaisuwarta da kyau."

Kuɓewar da ke hannun Dije ta zube a tabarma. Ta zauna a kan turmi. Ita ta manta ma cewa sirrin 'yarta yana cikin wannan bakin da take ta ƙoƙarin buɗewa da ƙarfi. Da bakin ya buɗu mata a Yako, da ya buɗu wa wata a Ba'awa.

"Zulaihat," ta ce, "matso kusa. Ni ma ina da maganar da za ki kai wa surukarki, kuma gara ta ji ta daga gare ni."

Da yamma Inna Hajara tana gyaran zogale ta ji sallama, ta leƙa, sai ga Dije da kanta, Uzairu a bayanta yana sosa ƙeya. Hamdiyya ta dawo daga aiki ke nan, ko hijabin da ya sha laka ba ta cire ba. Ta durƙusa za ta gaishe ta, Dije ta kama hannunta ta ɗaga ta.

"Na zo ne a sa rana, Hajara. Kuma na zo in ba yarinyar nan haƙuri a gabanki."

"Haba Umma, ni ce mai ba da haƙuri."

"Yi mini shiru, ai kin iya." Dije ta juya ga ɗanta. "Kai kuma ka tsaya kamar turken akuya. Ba ka da baki?"

Uzairu ya dubi ƙasa. "Hamdi, na yi kuskure."

"Kalma ɗaya kawai," in ji Hamdiyya tana goge ido, "mai tsanani ne ko ba mai tsanani ba?"

"Mai tsanani ne."

Inna Hajara ta yi dariya har zogalen da ke cinyarta ya zube.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure biyu, na Uzairu da Hamdiyya, da na Mas'ud da Humaira. Idris ya ci shinkafar biki kwano ɗaya da sauran yara, Dije na zaune kusa da su tana harar duk uwar da ta yi alamar janye ɗanta. Sannu a hankali iyaye daga Bebeji har Tudun Wada suka fara zuwa asibitin suna cewa, a turo mana wannan nas ɗin ta Yako, wadda ba a jin magana a bakinta.

Har yanzu in Hamdiyya ta dawo da yamma, Dije takan ce, "Yau wane gida aka je?"

"Wani gida, Umma."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Dije, ta turo mata fura.

To 'yan mata da samari, ku lura. Wanda ya ƙi ba ku sirrin wani yau, kada ku yi fushi da shi, domin shi ne mai riƙe muku naku. Riƙon amana yana da ɗaci a lokacin da ake yin sa, har waɗanda kuke so za su iya juya muku baya, amma wanda ya yi haƙuri a kansa Allah ba ya barin sa ya ji kunya.